AMSAR WASIƘUNKU: SHIN TUNANI NE KE KAWO HAWAN JINI?

A wannan mako wasiƙu 3 na ware gefe guda, domin ko da yake daga wurare daban-daban suka fito, duk bakinsu ɗaya, watau maganar hawan jini da tunani. Ba zan ambaci sunayen masu su ba, tun da akwai sirrin gida a ciki.

Ta farko daga wani manomi ce a yankin Funtuwa, mai shekara 52. Ya ce bara ya ci bashi ya sayi taki da maganin feshi, sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ke goyo, abin da ya samu bai kai rabin bashin ba. Tun daga nan, in ji shi, duk sallamar da ya ji a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi, barci kuwa sai ɓarawo. Ya je asibiti saboda ciwon kai, aka auna shi aka ce 160 bisa 100, aka ba shi ƙwayoyi. Abokan hirarsa sun ce ya bar ƙwayoyin nan, tunani ne kawai, ya cire abin a ransa zai warke. Yana tambaya: shin bashin ne ya jawo masa, kuma in ya biya ciwon zai tafi?

To Malam, Allah ya warware, ya ba da yadda za a yi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kai kaɗai ba ne. Amma kafin in amsa maka, bari mu fara da waɗannan lambobi 2 da aka faɗa maka, don na lura mutane da yawa ana faɗa musu su, su ce to, su tafi gida ba su san me ake nufi ba.

Ku da kuke noman rani kun san injin ban-ruwa da tiyo. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Duk sa'ad da zuciya ta buga, sai ta tura jini cikin jijiyoyi da ƙarfi. Wannan ƙarfi shi ne lambar sama. Tsakanin bugu da bugu, lokacin da zuciya ke ɗan hutawa, akwai sauran matsi da ke cikin jijiyoyin. Wannan shi ne lambar ƙasa. Lafiyayyen babban mutum ana son a same shi wajen 120 bisa 80. In aka auna mutum a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko abin da ya fi haka, to shi ne ake cewa yana da hawan jini. Ba wai jinin ne ya yi yawa a jiki ba kamar yadda wasu ke zato, har ka ji ana cewa a je a yi ƙaho a rage. Matsin ne ya yi yawa. Ka matse bakin tiyo da babban yatsa ka ga yadda ruwa ke tsartuwa da ƙarfi alhali ba ka ƙara ko ɗigo ba, to haka abin yake.

Yanzu ina tunani ya shigo? A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. In mutum ya firgita, alal misali kana cikin shara a gona ka ɗaga karmami ka ga kububuwa, nan take ƙwaƙwalwa za ta aika wa wannan tsoka, ita kuma ta zuba wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin a cikin jini. Sai zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, matsi ya hau, don ka sami ƙarfin tsalle ka tsira. Wannan baiwa ce, ba ciwo ba. In macijin ya wuce ka zauna gindin bishiya ka sha ruwa, kafin wani lokaci komai ya koma daidai.

Matsalar ita ce jiki bai san bambancin maciji da mai bin bashi ba. Maciji ya wuce ya tafi abinsa. Mai bashi kuwa yana nan da safe, yana nan da yamma, in ka kwanta ma yana nan cikin kanka. Sai ya zamana injin da aka yi shi don ya yi gudu na minti kaɗan, an bar shi yana ta ƙugi wata da watanni. Akwai kuma wani sinadarin na biyu, kotisol, wanda ke fitowa daga wannan tsoka ɗin in damuwa ta daɗe, kuma in ya yi yawa yana taimakawa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Sa'an nan ga barci. A ƙa'ida, in mutum ya yi barci mai nauyi matsin jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, watau lokacin hutun jijiyoyi ke nan. Wanda ke kwana yana juyi yana lissafin buhuna, ya rasa wannan hutu. Don haka ne nake tausaya wa 'yan'uwanmu na ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga. Ko a ƙasar Japan, bayan girgizar ƙasar da aka yi a Kobe cikin 1995, likitoci sun ga jinin mutanen yankin ya hau har tsawon 'yan makonni kafin ya sauka. To wannan girgiza ce ta rana guda. Ina ga wanda tsoronsa ya shekara?

Ba kowace wahala ce ke yin wannan ɓarna daidai wa daida ba. Abin da masu bincike suka fi lura da shi shi ne nauyin da aka ɗora wa mutum alhali ba shi da ta cewa a kai. Manomi bai da iko da ruwan sama, bai da iko da kuɗin taki, bai da iko da farashin da zai tarar a kasuwa ran da kowa ya kawo tasa masarar, amma shi za a tambaya abin da za a ci a gida. Bari in ba ku labarin wani manomi irinku. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka an yi wani baƙar fata mai suna John Henry Martin. Ya tashi cikin talauci, iyayensa suna noma gonar wani ana raba amfani. Ya ƙudura a ransa shi sai ya mallaki tasa. Ya ci bashi ya sayi eka 75, ya yi ta aiki ba dare ba rana har ya biya bashin kaf cikin shekara 5. Ya sami gonar. Amma kafin ya tsufa ga hawan jini, ga ciwon gaɓoɓi, ga gyambon ciki da sai da aka yanke wani sashe na tumbinsa. Wani masani mai suna Sherman James ya zauna da shi a 1978 ya ji labarinsa, daga nan ya shiga bincike cikin baƙaƙen fatar yankin. Abin da ya gano shi ne, cikin talakawa masu ƙarancin karatu, waɗanda suka fi dagewa a kan su kaɗai za su ture kowace wahala da ƙarfin tuwo, su ne jininsu ya fi hawa. Cikin masu hali kuwa bai ga haka ba. Ku lura fa, ba ana cewa himma laifi ba ce. Ana cewa ne himmar da ba ta da mataimaki, jiki ne ke biyan kuɗinta.

Akwai kuma wata hanya da damuwa ke bi, wadda ni a ganina ta fi ta farkon ɓarna a wurinmu. Mai damuwa yakan sauya hali ba tare da ya sani ba. Wanda a da ƙwarar goro ɗaya ke isarsa wuni, sai ka ga ya koma 4. Mai shan taba ya ninka. Ciwon jiki ya dame shi, ya tsaya wurin mai tallar magani a kasuwa ya sayi ƙwayoyin kashe ciwo irin su daikulofenak da ibuprofen yana haɗiya kullum, alhali waɗannan suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda in an daɗe ana sha. Abinci kuwa in kuɗi ya yi ƙaranci, me ake yi wa miya? A ƙara gishiri, a ƙara dunƙule, a jefa kanwa, don ta yi ɗanɗano tun da babu nama babu kifi. Dunƙule da kanwa duk dangin gishiri ne a wurin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da yajin tsire.

To Malam, ga amsarka kai tsaye. Mai yiwuwa ne bashin ya taimaka. Amma a shekara 52, mai yiwuwa ne kuma ciwon ya daɗe yana nan, ciwon kan ne kawai ya kai ka inda aka gano shi. Shekaru suna kawo shi, gado yana kawo shi, ƙiba da gishiri da ciwon ƙoda suna kawo shi. Ka tambayi kanka ko a gidanku an taɓa yin wanda ɓarin jikinsa ya shanye. In ka biya bashin, in Allah ya so, lambar na iya sauka kaɗan. Amma jijiyar da ta daɗe tana shan matsi takan yi kauri ta yi tauri, kamar tiyon da ya shekara a rana, ba ta komawa yadda take don kawai hankali ya kwanta. Saboda haka abokan hirarka sun faɗi rabin gaskiya, rabin da suka bari kuwa shi ne mai kisa. Kada ka bar ƙwayoyin nan. Ka sha kullum, ko kana jin lafiya ko ba ka ji, in sun ƙare ka koma a sake auna ka. In za a rage, wanda ya rubuta maka shi zai rage. In kuɗin maganin ne ya yi maka nauyi, ka faɗa masa baki da baki, domin magungunan hawan jini iri-iri ne, akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki sosai.

Game da bashin kuwa, shawarata kada ka ci gaba da ɓuya. Ka sami dattijo ko liman ya raka ka wurin mai kuɗin, a zauna a yanka abin da za ka riƙa biya da lokacin da za ka biya. Bashin da aka san ranar biyansa ya fi barin mutum ya yi barci a kan wanda ake wa gudu. Kuma ka faɗa wa maiɗakinka halin da ake ciki. Mu maza muna da wannan ɗabi'a ta haɗiye magana wai kada a ga gazawarmu, alhali ita ta riga ta gani a fuskarka tuntuni.

Wasiƙa ta biyu ta sa na yi shiru na ɗan lokaci bayan na karanta. Wata baiwar Allah ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga wajen Maraɗi. Ta ce sun yi cacar baki da maigidanta da dare a kan kuɗin cefane, da asuba ya tashi zai yi alwala ya faɗi, hannu da ƙafar dama suka shanye, baki ya karkace. Yanzu dangin miji suna cewa ita ta tayar masa da hawan jini, wasu ma suna cewa an yi masa jifa. Tana tambaya ko da gaske ita ce sila.

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki haƙuri da ladan jinya. Ki saurara da kyau, dangin miji ma in suna kusa da rediyo su saurara. Shanyewar ɓarin jiki na faruwa ne in jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Jijiya ba ta lalacewa a dare ɗaya. Shekaru ake ɗauka matsi yana cin ta a hankali, mutum yana yawonsa yana cinikinsa bai san komai ba, domin hawan jini yawanci ba ya ciwo, ba ya ba da wata alama. Gaskiya ne fushi mai tsanani na iya ɗaga jini na ɗan lokaci. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidaje nawa ne aka yi faɗan cefane a wannan daren, kowa ya tashi lafiya? Tambayar da ta kamata a yi ita ce, yaushe rabon da a auna shi? A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce manya masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1 da miliyan 300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Maigidanki, ga dukkan alamu, cikin wannan rabin yake. Ba jifa ba ne, ba kuma ke ba ce. A ci gaba da kai shi asibiti, a riƙa motsa masa hannun da ƙafar kamar yadda za a nuna muku, domin da yawa suna samun sauƙi in an dage.

Amma ni yanzu ke nake ji. Ga jinya, ga suyar ƙuli, ga yara, ga maganganun dangi. Wannan shi ne ainihin irin nauyin da muke magana a kai. A ƙasar Italiya wani likita mai suna Timio ya bi wasu mata 144 masu zaman ibada na addinin Kirista, waɗanda suka keɓe kansu a wuri mai shiru, ya kwatanta su da mata 138 da ke zaman gari a yanki ɗaya. Da farko jininsu kusan ɗaya ne, gishirin da suke ci ma kusan ɗaya. Bayan shekara 20, a rahoton da ya fitar a 1988, matan gari jininsu ya hau tare da shekaru, na masu zaman keɓewa kuwa yana nan inda yake. Ba cewa nake mata su bar gidajensu ba, kada a je a ce mai rediyo ya ce. Ina nuna muku ne cewa hayaniyar yau da gobe tana da awo a jikin mace. Zaman kishi in babu adalci, gorin haihuwa, miji ya tafi ci-rani ya bar mace da 'ya'ya 6 ba aike, duk waɗannan ba a fuska kaɗai suke tsayawa ba. Saboda haka ran da za ki kai shi asibiti, ke ma ki miƙa hannu a auna ki. Ki kuma nemi 'yan'uwansa maza su karɓi kwana a jinyar. Wanda ke da bakin zargi ai yana da hannun ɗaga marar lafiya. Masu juna biyu kuma, naku daban ne: in kuka ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, a tafi asibiti a ranar, kada a ce tunani ne, domin hanyar jijjiga ke nan.

Ta uku gajera ce. Wani ɗan kasuwa mai kai albasa Legas ya ce shi fa in yana gida lafiyarsa lau, amma da ya je kurmi aka auna shi sai aka ce jininsa ya hau. Ya ce ko na'urarsu ce ba ta da kyau?

Alhaji, mai yiwuwa na'urar lafiyarta ƙalau. An taɓa bin 'yan ƙabilar Luwo na ƙasar Kenya da suka bar ƙauyukansu suka koma Nairobi neman aiki, aka buga sakamakon a 1990. Cikin 'yan watannin farko jininsu ya fi na 'yan'uwansu da suka rage a ƙauye, nauyinsu ya ƙaru, bugun zuciyarsu ya ƙara sauri, gishiri ya ƙaru a abincinsu. Haka kuma wani bincike da Richard Cooper ya jagoranta, wanda ya fito a 1997, ya auna baƙaƙen fata a Nijeriya da Kamaru da tsibiran Karebiyan da Amurka, ya sami masu hawan jini kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a Karebiyan, 33 a Amurka. Asali ɗaya, zama daban. Wannan lissafin wancan lokaci ne fa, kada wani ya ɗauka ƙauye ya tsira, don yanzu dunƙule da babur da lemon kwalba sun iso kowane lungu. Kai da kake kwana 2 a saman mota, kana cin goro don kada ka yi gyangyaɗi, ga shingaye a hanya, ga fargabar albasa ta ruɓe kafin a sauke, ga abincin tasha, ba abin mamaki ba ne.

Sai dai akwai wani abu. Wasu mutane da zarar sun ga ma'aikacin asibiti da farar riga sai gabansu ya faɗi, jini ya hau a wannan lokacin kawai. Don haka ba a yanke hukunci da awo ɗaya. In za a auna ka, kada ka ci goro ko ka sha taba ko shayi mai ƙarfi rabin awa kafin nan. Ka yi fitsari tukuna. Ka zauna minti 5 ka huta, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma ka yi shiru, ba a ciniki ana awo. A rubuta maka lambar a takarda ka sa a aljihu. In ka dawo gida ka huta kwana biyu, ka je ɗakin shan magani mafi kusa a sake aunawa sau 2 ko 3 a ranaku daban-daban. In duk sun kai 140 bisa 90, to ba Legas ba ce, kai ne, sai a fara magani. In kuwa wata rana aka ga 180 bisa 120, ga ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama ko harshe ya yi nauyi ko hannu ya mutu, wannan ba ta jiran gobe, a nemi mota.

Akwai wasiƙu 2 da ke tambaya a kan zoɓo da tafarnuwa, ko suna iya maye gurbin ƙwayar asibiti. A taƙaice dai ba sa iyawa, amma maganar tana da tsawo, lokaci kuma ya yi halinsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a rubuta sunan gari da kyau. Ku huta lafiya.